Kundin aikin bidiyon Jules Hoffmann da ƙudajensa

4 ga Maris

To jama'a an fara. Aikin shi ne bidiyo kashi huɗu da Hausa akan Jules Hoffmann, masanin garkuwar jikin nan na Faransa da ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2011. Zane zan dinga yi da hannu akan farin allo ina ɗauka da waya, kuma ina so a ga ƙudan da ransa ba hoton da na kwaso a intanet ba, don haka zan kiwata ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa akan 'ya'yan itace in sun fara lalacewa, Drosophila, tunda akansu aka yi aikin. Anan zan dinga rubuta halin da ake ciki.

Ga wanda bai san zancen ba, garkuwar jiki iri biyu ce. Akwai mai koyo, wadda sai cuta ta shigo ta gane ta sannan ta haɗa mata antibodi ta kuma riƙe kamanninta, ita rigakafi ke horarwa, amma tana cin kwanaki kafin ta shirya. Akwai kuma wadda ake haifar mutum da ita, bata jiran darasi, cikin mintoci ko awanni ta fara faɗa. Ƙwari basu da antibodi sam, da ta haihuwar kaɗai suke rayuwa a cikin ƙazanta da ruɓaɓɓen abu, kuma gasu nan sun cika duniya. Tambayar da Hoffmann ya kwashe rayuwarsa akai kenan, da me suke kare kansu.

6 ga Maris

Sayayya. Kwalabe masu faɗin baki, auduga ta toshe baki, yis, agar, da ɗan gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a kyamarar waya. Gilashin kaɗai ya cinye kusan rabin abin da na ware, makirfon sai wani jiƙon. Na ajiye tarko, kwalba da ɓawon ayaba a ciki da mazurarin takarda a baki.

9 ga Maris

Tarko ya kama. Na zuba su a kwalabe masu abinci. Namiji ya fi ƙanƙanta kuma ƙarshen cikinsa baƙi ne, mace ta fi girma cikinta da ratsi-ratsi, da ido ma ana ganewa in an saba. A zafin digiri 25 kwana goma ne daga ƙwai zuwa sabon ƙuda, don haka kafin su hayayyafa sai in rungumi karatu.

12 ga Maris

Na gama tattara kayan kashi na ɗaya, tarihinsa. An haife shi 2 ga Agusta 1941 a Echternach, wani ƙaramin gari a Luksemburg. Babansa malamin bayoloji ne mai son ƙwari, yana fita da shi daji suna kamowa suna tantancewa, to daga nan abin ya shiga jininsa. Ya tafi jami'ar Strasbourg a Faransa ya shiga ɗakin binciken Farfesa Pierre Joly, wanda aikinsa akan fara ne, ya gama digirin digirgir a 1969, a 1970 ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina anan shi ne yadda tambayar ta samo asali. A lab ɗin Joly shekara da shekaru suna yi wa fara tiyata, su ciro wani sashe daga wannan su dasa a waccan, ba wata tsaftar kirki irin ta ɗakin tiyata, amma farar bata ruɓewa bata kamuwa da komai. Kowa na gani yana wucewa, Joly ne yace akwai magana anan ya miƙa wa ɗalibinsa. Hoffmann ya bi diddigin inda ake ƙera ƙwayoyin jinin fara ya samu wurin kusa da jijiyar da ke zaman zuciyarta, da ya haska wa wurin eksire sai farar ta kamu da cuta ta mutu, kuma ta kasa yin saɓa. Wannan maganar saɓar ita ta janye shi shekaru zuwa binciken sinadarin da ke sa ƙwari saɓa, har ya je Marburg a Jamus wajen Peter Karlson a 1973 zuwa 1974. A 1978 ya gaji kujerar Joly. Wato mutumin ya yi dogon zagaye kafin ya dawo kan garkuwa gadan-gadan, kuma ina so wannan ya fito a bidiyon, kar ya zama kamar tun yana yaro ya hango Nobel ya miƙe ɗoɗar.

15 ga Maris

Tsutsotsi sun fito suna ta huda abincin. Ba wani abu.

18 ga Maris

Yau kam ba daɗi. Fumfuna ta cinye kwalaben, wasu sunyi kore shar wasu wani fari-fari kamar gashi ya rufe saman abincin gaba ɗaya, tsutsotsin da basu mutu ba sun hauro bangon kwalba suna neman hanya. Da na bincika sai naga a lab-lab na gaske ba haka kawai suke dafa abincin ƙuda ba, suna zuba maganin hana fumfuna, methylparaben ko propionic asid, ni kuwa babu ko ɗaya a nawa, ga abincin yayi ruwa da yawa ga ƙudajen da na kamo daga waje dama da irin fumfunar a jikinsu suka zo. Sannan kwalbar da ƙudaje suka yi kaɗan ita ta fi lalacewa, don in tsutsa tayi yawa tana juya saman abincin bata bari fumfunar ta kafu.

Ban buɗe su a ɗaki ba, waje na fita da su na zuba tafasasshen ruwa na zubar. Wani a cikinku yace ai dama ta samu, in ajiye fumfunar in shafa wa ƙudaje in maimaita gwajin da lab ɗin Hoffmann ya yi a 1996 na sa wa ƙudaje fumfuna. A'a wallahi. Wadda suka yi amfani da ita Aspergillus fumigatus ce, tana kama huhun mutum musamman mai raunin garkuwa, kuma ni ba zan iya tantance wace iri ce ta fito mun a kwalba ba balle in yi wasa da ita. Kuma ko nayi ma ba abin da zai nuna, gwajin nasu sai da ƙudan da aka lalata wa ƙwayar gado guda, nawa kuwa lafiyayyu ne 'yan daji.

Kwalba ɗaya ta tsira. Daga ita zan sake. Sabon tsari: a tafasa kwalabe, a rage ruwa, a ɗan ɗiga binega, a yawaita ƙuda a kowace kwalba a kuma dinga canja musu gida da wuri.

21 ga Maris

Karatu kawai. Na ga ba zai yiwu in fara da Hoffmann kai tsaye ba sai na ɗan koma baya. Élie Metchnikoff a 1882 a Messina ta Italiya ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku mai garai-garai ya ga wasu ƙwayoyin halitta sun yi dandazo sun kewaye ƙayar, daga nan aka san akwai sel masu haɗiye baƙon abu, ya samu Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich. Bayan nan hankalin masana ya koma kan antibodi kusan ƙarni guda, ita ta haihuwar aka ɗauke ta kamar share fage ce kawai kafin manya su iso.

Sai Hans Boman a Suwidin. Shi ya nuna tun 1972 cewa in aka yi wa ƙuda allurar bakteriya jininsa kan koma mai kashe bakteriya, a 1981 kuma ƙungiyarsa ta fitar da cecropin daga jikin wani babban malam-buɗe-littafi na dare, ɗan guntun furotin mai huda fatar bakteriya. Dole sunansa ya shiga, don shi ya buɗe ƙofar da su Strasbourg suka bi.

25 ga Maris

Sabbin kwalabe lafiya lau, ba fumfuna. Na rubuta kashi na biyu. Wannan shi ne shekarun wahala da ba kowa ke ba da labarinsu ba: a ɗauki tsutsar wani babban ƙuda, Phormia, a soke ta da allura mai bakteriya ɗaya bayan ɗaya, dubbai, a tatsi ɗan jinin da bai kai ɗigo ba a kowace, a tara a tace har a ware furotin ɗin da ke kisa. Haka suka samu diptericin a 1988, da defensin na ƙwari a 1989. Wajajen 1990 Hoffmann ya yanke shawarar lab ɗin ya koma kan Drosophila kacokan, duk da ƙanƙantarsa, saboda shi ne aka san ƙwayoyin gadonsa ana kuma da ɗaruruwan iri masu naƙasa a ajiye. A cikinsa suka samu drosocin, da metchnikowin da aka sa wa sunan Metchnikoff, da drosomycin a 1994, wanda shi fumfuna yake kashewa. Duk ana ƙera su ne a wani farin kitse da ke cikin ƙudan mai aiki irin na hanta, ya zuba su cikin jini.

A riƙe sunan drosomycin ɗin nan, in babu shi babu labarin gaba.

28 ga Maris

Ɗaukar hoto ta farko, asarar yini. Gilashin nan sai ka kusan manna shi da abu kafin ya fito, kuma ko numfashi kayi hoton ya gudu. Ƙuda kuwa baya tsayawa. Dabarar ita ce a sa kwalba cikin ƙanƙara na ɗan lokaci su suma, a zubo su akan faranti mai sanyi, to amma fitilar da nake haskawa tana ɗumama su, kafin in saita sun fara motsa ƙafa, kafin in danna sun tashi. Ga raɓa da ke taruwa akan farantin tana manne musu fiffike, wasu haka suka mutu a banza. Zan shimfiɗa takarda mai tsotse ruwa a kai, in canja fitila zuwa LED, in kuma ɗaure wayar da wani abu maimakon riƙewa da hannu.

1 ga Afrilu

An samu. Na jingine wayar akan littattafai na ɗaure da roba, hoton ya tsaya, har ana ganin gashin bayan ƙudan. Kuma na gwada abin da na fi ɗoki, na ɗauki manyan tsutsotsi na ɗan soke su da siririyar allura a gefe, bayan wani ɗan lokaci wurin ya yi baƙin ɗigo. Wannan baƙin ba datti bane, melanin ne, wasu ƙwayoyin jini da ake ce wa kiristal sel ke fashewa su saki sinadarin da ke toshe rauni ya kuma yi wa ƙwayar cuta guba. Garkuwar haihuwa kenan ido na ganin ido, a kan teburi, ba maikuroskop. Tsutsar ta cigaba da tafiyarta da tabon. Da wannan hoton zan buɗe kashi na ɗaya.

5 ga Afrilu

Zuciyar aikin, kashi na uku, Toll. Na daɗe ina juya yadda zan faɗe shi.

Toll wani furotin ne mai karɓar saƙo a fatar sel, kuma ba 'yan garkuwa suka gano shi ba. A Tübingen ta Jamus ne, lab ɗin Christiane Nüsslein-Volhard, suna neman ƙwayoyin gadon da ke gaya wa ƙwan ƙuda ina ne baya ina ne ciki, Kathryn Anderson ta yi aikin a 1985, ita Nüsslein-Volhard ta samu nata Nobel ɗin a 1995 akan ginin jiki ba akan cuta ba. Sai a 1991 Nick Gay da Fionna Keith suka lura cewa wutsiyar Toll ta cikin sel tayi kama da ta wani mai karɓar saƙon kumburi a jikin mutum, na interleukin-1. Kuma furotin ɗin da Toll ke tayarwa a ƙarshe, Dorsal, ɗan gidan NF-kB ne, wanda a jikinmu shi ke kunna ƙwayoyin gadon kumburi. A can gefe kuma an ga a gaban ƙwayoyin gadon su diptericin akwai wurin zaman irin wannan furotin. Alamu dai sun taru amma ba wanda ya haɗa.

Bruno Lemaitre, matashin da ya zo lab ɗin Hoffmann da ilimin gado, shi ya zauna ya dinga gwada ƙudaje masu naƙasa iri-iri. Da farko abin ya ƙi, don ko an lalata hanyar Toll diptericin na fitowa abinsa. A 1995 ya samu wata naƙasar daban da suka kira imd, ƙudan baya iya yin masu kashe bakteriya amma drosomycin ɗinsa ƙalau. Ashe hanya biyu ce. Da aka auna drosomycin a masu lalataccen Toll sai aka ga shi ne baya tashi, da aka sa musu Aspergillus kuwa cikin 'yan kwanaki suka mutu, lafiyayyun kuma suka jure. Takardar ta fito a mujallar Cell a Satumbar 1996, sunan Lemaitre a farko na Hoffmann a ƙarshe, tsakani Emmanuelle Nicolas da Lydia Michaut da Jean-Marc Reichhart. A bangon mujallar hoton mataccen ƙuda ne fumfuna ta tsiro masa ta ko'ina.

Hoton nan yana da masu shi, ba zan ɗora a bidiyo haka kawai ba, sai dai in zana nawa.

8 ga Afrilu

Na kai wa Malam rubutun, tsohon malamina na bayoloji da ya yarda ya dinga duba mun. Ya karanta shiru har ya zo kan zanen da na yi Toll ya miƙa hannu ya cafke fumfuna, sai ya ajiye biro yace, kai wa ya gaya maka Toll na ƙuda yana taɓa ƙwayar cuta? Nace Allah gafarta Malam ai haka ake zana shi. Yace na mutum ake zanawa haka, je ka sake dubawa.

Gaskiyarsa. A ƙuda akwai wasu furotin da ke yawo a jini, su ke fara gane baƙo, PGRP-SA na gane bangon wasu bakteriya, lab ɗin Strasbourg ɗin ne ma suka nuna haka a 2001, GNBP3 na gane sukarin bangon fumfuna. In sun gane sai su tayar da jerin masu yanka, wannan ya yanki wancan wancan ya yanki na gaba, har a yanki wani furotin mai suna Spätzle, to shi yankakken Spätzle ɗin ne ke zama akan Toll. Wato Toll ɗin ƙuda kamar maigida ne a cikin ɗaki, bai ga ɓarawo ba, ihun masu gadi ne ya iso masa ya ba da umarni. A jikinmu kuwa 'yan uwansa da ake kira TLR su da kansu suke bakin ƙofa. Wannan bambancin ba ƙarami bane kuma yawancin taƙaitattun bayanai tsallake shi suke, ni ma da na tsallake. Allo uku zan goge in sake, kuma kashi na uku zai ƙaru da kamar minti biyu, ba yadda na iya.

11 ga Afrilu

Sake zane. Hannu ya gaji.

14 ga Afrilu

Zafi ya yi mun ɓarna. Ɗakin ya ɗau zafi kwanakin nan sai naga kwalabe biyu ƙwai baya ƙyanƙyashewa, manyan ma sun yi laƙwas. Drosophila baya son abin da ya kai digiri 30, mazan kan daina haihuwa. Na mayar da su ƙasa wurin da ya fi sanyi na naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tsumma. In sun farfaɗo to, in basu farfaɗo ba hotunan da nake da su sun kusa isa, abin da ya rage mun kawai fitowar sabon ƙuda daga kwansonsa, kuma wannan da sassafe suka fi yi.

17 ga Afrilu

Ɓangaren mutum da ɓera. Charles Janeway na jami'ar Yale tun 1989 ya tsaya a taron Cold Spring Harbor yace akwai abin da masana garkuwa ke yi suna kau da kai, in kana son dabba tayi antibodi dole sai ka gauraya abin da za ka yi mata allurarsa da ɗan tarkacen bakteriya, in ba haka ba jiki ko kallo. Yace to lallai akwai wasu masu gadi na gado da ke gane alamomin da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya akai, kuma sai sun ba da izini garkuwa mai koyo ke tashi. Ba a kula shi sosai ba. Ruslan Medzhitov, haifaffen Tashkent, yana ɗalibi a Mosko ya ci karo da rubutun, ya nemi hanya har ya iso Yale, a 1997 su biyun suka nuna akwai Toll a jikin mutum kuma in an kunna shi yana tayar da NF-kB da siginonin da ke tada garkuwa mai koyo. Abin da ba a sani ba lokacin shi ne me yake ganewa.

Amsar daga Dallas ta zo. Bruce Beutler yana bin wasu ɓeraye, C3H/HeJ, da gubar bakteriya LPS bata yi musu komai, alhali wannan gubar ce ke sa jini ya faɗi mutum ya mutu in cuta ta shiga jini. Shekara biyar shi da su Alexander Poltorak suna laluben wurin a kuromosom, a 1998 suka same shi, TLR4 ne, amino asid, wato tubalin ginin furotin, guda tak ya canja. Daga nan sai ruwa ya ɓalle, Shizuo Akira a Osaka ya dinga cire TLR ɗaya-ɗaya a ɓeraye yana ganin me ya ɓace, a 2000 ya nuna TLR9 DNA ɗin bakteriya yake ganewa, wasu suka nuna TLR5 na gane bulalar da bakteriya ke iyo da ita, TLR3 kuma RNA mai igiya biyu irin na bairos. Mutum na da guda 10.

Don kar mai kallo yace to sai me, zan kawo misali biyu kawai. Rigakafin maleriya RTS,S da Shingrix, rigakafin cutar ƙurajen fata ta shingles, duk akwai wani sassautaccen LPS a cikinsu da aka sa da gangan don ya taɓa TLR4 ya farkar da jiki. Sannan aikin Katalin Karikó da Drew Weissman na 2005 da ya kai ga rigakafin mRNA, dabarar ita ce a canja wa RNA ɗin kama yadda waɗannan masu gadin ba za su yi masa ca ba. Ɗaya tsokano su ake, ɗaya lallaɓawa ake a wuce su.

20 ga Afrilu

Ƙudaje sun farfaɗo, kwalba ɗaya dai ta tafi. Na kama fitowar ɗaya daga kwanso, fari fat fiffike a murɗe. Na ari makirfon, muryar ta fi ta waya nesa ba kusa ba, sai dai kashi na ɗaya duk sai na sake naɗa don kar sauti ya bambanta.

24 ga Afrilu

Kashi na huɗu ya tsaya mun a wuya kuma ba maganar kayan aiki bace.

Ranar 3 ga Oktoba 2011 aka sanar. Kuɗin kurona miliyan 10 ne na Suwidin, rabi na Ralph Steinman na jami'ar Rockefeller da ya gano dendritik sel a 1973, su ne gadar da ke kai labari daga garkuwar haihuwa zuwa mai koyo, ɗaya rabin Beutler da Hoffmann suka raba. Steinman ya rasu 30 ga Satumba da kansar fankiriyas, kwana uku kafin sanarwar, kwamitin bai sani ba, da suka ji suka ce kyautar na nan tunda da kyakkyawar niyya aka bayar. Wannan mai sauƙin faɗa ne.

Mai wuyar shi ne rigimar da ta biyo baya. Ƙa'idar Nobel mutum uku ne iyaka. Janeway ya riga ya rasu a 2003, Medzhitov bai shiga ba, Akira bai shiga ba, har wasu manyan masana suka rubuta wa mujallar Nature wasiƙa cewa ba a yi wa Janeway da Medzhitov adalci ba. Kuma a shekarar dai kyautar Shaw Hoffmann da Beutler da Medzhitov aka ba, Gairdner kuma Hoffmann da Akira, kaga kowane kwamiti da yadda ya yanka. Sai kuma ta cikin gida, Lemaitre, wanda yanzu farfesa ne a Lausanne ta Siwizalan, ya fito fili ya rubuta cewa shi ya tsara gwajin Toll ya kuma yi shi, kuma a cewarsa Hoffmann bai ba aikin gadon muhimmanci ba a lokacin sai da ya yi kyau.

Wasu sun ce in bar wannan, wai bidiyon koyarwa ne ba na gulma ba. Na ƙi. In na cire to na koya wa yara cewa mutum ɗaya ne ya zauna ya gano abu, kuma ba haka akayi ba. Amma kuma ba zan mayar da Hoffmann wanda ya ci gumin wani ba, don ni a nawa ganin gwajin Lemaitre ba zai yiwu ba in ba a lab ɗin da aka shafe shekaru ana tatsar jinin tsutsa ba, drosomycin ɗin da ya auna a wannan gidan aka ciro shi shekara biyu kafin nan, kuma wanda ya ɗau kasadar juya lab sukutum daga fara zuwa Drosophila ya tara masu kimiyyar sinadarai da masu ilimin gado a rufi ɗaya shi ne Hoffmann. Hannun da ya yi gwajin na Lemaitre ne. Duka biyun gaskiya ne kuma duka zan faɗa, in ce ga abin da Lemaitre yace, a bakinsa, ba in yanke hukunci kamar ina wurin ba.

Malam da na gaya masa cewa yayi, to ka rubuta sunayen mutum biyar ɗin nan na takardar a allo da girma ɗaya, kar ka ƙara wa kowa. Haka za'ayi.

27 ga Afrilu

Na rage jerin lambobin yabonsa, sun yi yawa suna kashe bidiyon. Na bar uku: shugabancin Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa a 2007 da 2008, lambar zinare ta CNRS, hukumar binciken kimiyya ta Faransa, a 2011, da shigarsa Académie française, majalisar kula da harshen Faransanci, a 2012. Na ƙara layi akan matarsa Danièle, don ita ma masaniya ce kuma a lab ɗin ta yi aiki tun zamanin fara.

30 ga Afrilu

Kashi na ɗaya da na biyu sun kammala, an haɗa murya da hoto. Na uku saura zanen mataccen ƙudan, na yi wani ya fito kamar an yi masa gashin doki, sai na sake. Na huɗu rubutu ya zauna amma ban naɗa ba.

Abin da ke gaba: in nuna wa wasu 'yan sakandare kashi na uku kafin in fitar da shi, in tsayar a tsakiya in tambaye su wa ke fara ganin fumfunar a jikin ƙuda, in suka ce Toll to zanen bai yi ba kenan sai an koma allo. Akwai kuma gwajin da nake son ƙarawa in lokaci ya bari, ana sa tsutsa a ruwa mai zafin digiri 60 na minti goma sai kiristal sel ɗin su yi baƙi a inda suke a gan su ɗigo-ɗigo ta cikin fata, amma sai na samu ma'aunin zafi mai kyau tukuna, nawa na ɗaki ne bai kai nan ba. Kuɗin da ya rage na hayar makirfon ne in mai shi ya buƙaci abinsa kafin in gama. Ƙudaje zan riƙe kwalba biyu har ƙarshen Mayu ko za a buƙaci ƙarin hoto, sauran in sallame su.